Ruwan Buba a Gefen Littafin Malam Sahabi

A Nahuce, in ka tambayi tsofaffi labarin Malam Sahabi, ƙafarsa suke fara ambata, karatun sai daga baya, ko da yake karatun ba kaɗan ba ne. Allah ya yi shi mutum ne da ba ya iya zama. 'Yan'uwansa malamai sukan shimfiɗa buzu a zaure tun safe, ba su tashi sai salla, har gashin buzun ya zube ya bar fata tas. Nasa buzun kuwa har ya rasu yana nan da gashinsa.

Kakanninsa mutanen 'Yandoto ne. Shi ya yi karatu a Gusau shekara goma sha ɗaya, ya dawo Nahuce ana saura shekara biyu Turawa su shigo ƙasar, ya auri Wasila, ya buɗe zaure. Ɗalibansa magidanta ne, manoma, waɗanda suke cika zauren da rani in an gama kai gero rumbu. Yakan ba da karatu daga asuba zuwa hantsi. Da rana ta ɗaga sai ya rufe littafi, ya rataya gafaka da gora, ya ɗauki sanda ya yanki daji. Ba farauta yake yi ba, bai taɓa kashe ko zomo ba. Ba kuma saiwa yake tonowa ba, duk da masu tsegumi sun ce aljanu yake zuwa karantarwa. Abin da yake so kawai shi ne ya hau dutse, ya yi azahar a kan fa inda ba kowa sai rema da shaho, ya zauna yana kallon ƙasar Allah har inda ido ya tsaya. Yakan ce Ubangiji ya umarci bayinsa su yi tafiya su ga aikinsa, shi kuwa bai ga inda aka ce mutum ya aiki wani ya gano masa ba.

Wasila ta yi mita har ta gaji. "Malam, in kam mutu bisa dutsi, wa za shi ɗauko ka?"

"Wanda yak kai ni can shi san yadda za a yi," in ji shi, yana ɗaura takalmi.

Yana da wata ɗabi'a irin ta malamai, sai dai shi ya zarce da ita. Kowane malami yakan yi ɗurra, wato ɗan rubutun nan da ake yi a gefen littafi don fassara kalma mai wuya. Shi Malam Sahabi dajin nan gaba ɗaya ya kwashe ya zuba a gefen littafinsa na fiƙihu. A inda ake maganar dabbobin da suka halatta ya rubuta abin da ya ga rema tana ci. A babin taimama ya rubuta irin ƙasar da ya samu a kan dutsen Kwatarkwashi. Hannunsa yakan riga tunaninsa, duk abin da ido ya gani da rana, kafin almuru yana kan takarda.

Shekara huɗu da zuwan Turawa, cikin bazara, ya hau wani dutse tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe, ya kasa saukowa. Hawa ta yi daɗi, sauka ta gagara, ga gora ta suɓuce ta fashe a ƙasa. Tun azahar yake maƙale a kan wani ɗan tudu da bai fi faifai biyu ba, har la'asar ta yi sanyi. Da ya ga abin ba na wasa ba ne sai ya ɗaga murya yana karatu. Karatun nan ne wani Bafulatani mai kiwo ya ji, ya ɗaga kai, ya dogara da sandarsa ya ƙare masa kallo.

"Modibbo, sama kaka nema tun da ranka?"

Sunansa Buba. Da igiyar ɗaure maruƙa ya sauko da shi, yana dariya har da hawaye. Amma da Malam ya taka ƙasa dariyar ta tsaya, don leɓunansa sun tsage, harshe ya kumbura, rijiya mafi kusa kuwa tafiyar rabin yini ce. Buba ya daɗe tsaye yana kallonsa, yana kallon duwatsu. Can ya ce masa ya biyo shi.

Suka bi ta kan wani shimfiɗaɗɗen fa wanda ba ya riƙe sawu. A ƙarshensa akwai gamji, bayan gamjin akwai tsaguwar dutse da saniya ɗaya tak take iya wucewa. Suka kurɗa, suka karkata hagu, sai ga fili a tsakiyar duwatsu, a gindin wani dutse da ya yi rumfa ga ruwa kwance, sanyi ƙalau. Idon ruwa ne ƙarami, mai tsattsafowa a hankali. Shanu talatin za su sha su ƙoshi, kafin gobe ya sake cika, in an ƙara a kan haka ba zai ɗauka ba. Kakan Buba ne ya gano shi. Duk duniya daga Buba sai matarsa Habiba suka san da shi, kuma shi ne dalilin da shanunsa ba su taɓa ramewa da rani ba.

Da Malam ya sha ya dawo hayyacinsa, Buba ya tsuguna gabansa. "Modibbo, abin da ubana bai gwada ma ƙanensa ba, shi nig gwada ma yau. Bakinka nika roƙo."

"Bakina ba shi hwaɗa ma kowa. Allah shi ne shaida."

Daga ranar suka zama abokai, irin abotar da mutanen gari suka kasa ganewa. Buba yakan zo Nahuce da nono da man shanu, Malam ya gyara masa karatun salla, shi kuma ya koya wa Malam karanta sawu da sanin hadarin da zai zubar da wanda zai wuce. Malam yana sonsa fiye da wasu 'yan'uwansa na jini, bai kuma ɓoye ba.

Bakinsa kuwa bai faɗa ba. Amma cikin satin nan da aka cece shi, karatu ya kawo shi babin ruwa, inda ake bayanin wanda ya halatta a yi alwala da shi da wanda bai halatta ba. Sai ya tuna ruwan Buba ya ɗan sauya launi saboda ganyen gamji da ke faɗawa ciki. Mas'alar ta yi masa daɗi. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a gefe cewa misalin wannan shi ne ruwan da ke wuri kaza. Da yake mutum ne mai cika aiki, bai bar komai ba: fa, gamji, tsaguwa, karkata hagu. Abin haushi ke nan. Mutumin da zai yini yana warware maka hukuncin rantsuwa dalla-dalla, ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa rubutawa ma faɗa ce. A ganinsa littafinsa cikinsa ne.

Ana nan sai Lukuman ya zo. Saurayi ne ɗan shekara ashirin daga Kekun Waje, ɗan talaka, ga kai kamar me, abin da aka biya masa sau ɗaya ya zauna. Shi kaɗai ne cikin ɗalibai yake bin Malam hawan dutse, sauran da sun ji an ce daji sai kowa ya tuno da aikin da ya bari a gida. Malam bai da ɗa namiji, ya ɗauki Lukuman ya sa a wannan gurbin. Ya yanka masa gona, ya nema masa aure, ya tsaya masa a matsayin uba. Bayan shekara uku ya yi masa abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ba shi aron littafin nan ya kwafa. A al'adar masu karatu, wanda aka ba aron littafi ba ya tsallake ɗurra, duk yake kwashewa, don a nan albarkar malaminsa take.

Wata huɗu Lukuman ya dawo da littafi, ya durƙusa. "Allah shi gafarta Malam, ruwan ga da kar rubuta ga babin tsarki, ina ne? Ba ka taɓa kai ni ba."

Malam ya karɓi littafin ya duba. Sai a lokacin ya ga abin da hannunsa ya yi. Ya jawo Lukuman gefe ya gaya masa gaskiya, cewa amanar Buba ce, ya faɗa masa har lafazin alkawarin da ya ɗauka. Ya miƙa masa aska ya ce ya kankare wurin.

"Wallahi, Malam, yau zan kankare shi daga littahina."

Washegari ya kawo ya nuna, wurin fari fat. Malam ya kankare nasa, ya yi istigfari, hankalinsa ya kwanta. Ya so ya gaya wa Buba, kunya ta hana shi, ya ce a ransa tunda an goge ai magana ta mutu. Ba a daɗe ba Lukuman ya nemi izini ya koma Gusau, inda wani attajirin shanu da ake kira Dogo ya ɗauke shi malamin gida, yana rubuta masa wasiƙa yana ja musu salla. Malam ya raka shi har bayan gari yana sa masa albarka.

Shekara uku bayan haka aka yi babbar yunwar nan. Damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, rijiyoyi suka ƙafe, gulbi ya koma yashi ana tono ana samun ɗan abin jiƙa maƙoshi. Zaure ya watse sai mutum huɗu. Cikin wannan baƙin ciki abu ɗaya ke sanyaya wa Malam rai, in ya tuna shanun Buba suna da inda za su sha.

Wata rana da hantsi yana cikin ba da karatu, sai ga Buba a ƙofar zaure. Ba sanda a hannunsa, ba kuma sallama. Ya rame har Malam bai gane shi nan take ba. Ɗalibai suka ga fuskarsa, suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

A tsaye ya ba da labarin. Barorin Dogo ne suka zo da garke wajen ɗari huɗu, kowa da mashi a hannu. Suka sare gamjin, suka kori Buba, suka yi ta tura shanu ta tsaguwar nan ba dare ba rana. Kwana tara ruwan ya koma taɓo. Shanu biyu suka mutu a ciki suka ruɓe, kofato ya danne idon, har yau bai sake tsattsafowa ba. Shi kuwa ya kora nasa ya nufi gulbi, suna faɗuwa a hanya ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu. Uku suka rage masa.

"Na gabansu malami ne," in ji Buba, "da takarda ga hannu, shina karantawa shina nuni. Na san shi, Modibbo. Ƙohwar zauren ga na taɓa ba shi nono yas sha."

Malam ya buɗe baki. "Buba, bakina..." Sai ya ji abin da yake shirin faɗa, ya tsaya.

"Ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hannuna ne yar rubuta."

Buba ya jinjina kai a hankali. "Ni ban san karatu ba. Da na sani, da hannun nir roƙa."

Ya juya ya tafi. Malam ya bi shi har bakin gari yana kira, bai waiwayo ba.

Ranar nan Malam ya kama hanyar Gusau, bai ko shiga gida ya sallami Wasila ba. Duk tsawon hanyar yana nema wa Lukuman uzuri. Wataƙila tilasta shi aka yi. Wataƙila wani ne ya ga littafin kafin a kankare. Har ya isa ƙofar gidan Dogo da safe bai yarda yaron da ya riƙa a matsayin ɗa zai yi masa haka da gangan ba.

Lukuman ya fito da riga mai aiki, ya zube ƙasa ya yi gaisuwa cikakkiya, ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka kawo fura mai kauri a shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman tsaba. Wannan ladabin ya fi komai ci wa Malam rai. Da Malam ya tambaye shi, Lukuman ko gezau bai yi ba. Ya shiga ya ɗauko littafinsa, ya buɗe babin tsarki, ya nuna wurin da aka kankare.

"Malam, cewa niy yi zan kankare daga littahina. Ga shi, na kankare."

"Takardar da anka gani ga hannunka hwa?"

"Wannan daban ce."

"Yaushe kar rubuta ta?"

Lukuman ya ɗan kau da kai. "Kahin in kankare."

Nan Malam ya gane. Ashe ba yunwa ce ta sa shi ba, ba kuma tilas. Tun ranar da ya karɓi aska, tun yana cin tuwon Wasila, tun ana raka shi bayan gari da albarka, takardar tana cikin aljihunsa tana jiran ranar da za ta yi amfani. Shekara uku!

Sai Lukuman ya samu ƙarfin baki. "Ai kai kak karantar da mu ba a hana ma dabba ruwa. Shanu ɗari huɗu da shanu talatin, waɗanne sunka hi? Kuma ni ban hwaɗa ma kowa da baki ba, karantawa niy yi. Kai ma, Allah shi gafarta Malam, da baki kay yi alkawari, shi yas sa kar rubuta. Sawunka nib bi."

Malam ya taɓa jin zafi a rayuwarsa, ya binne iyaye, ya binne 'ya, amma bai taɓa jin irin wannan ba. An ci amanarsa, an kuma yi amfani da karatun da ya bayar da hannunsa aka wanke cin amanar, sannan aka jingina masa ita. Abin da ya fi muni, bai iya cewa ƙarya ne gaba ɗaya ba. Bai zagi Lukuman ba, bai yi masa baki ba. Ya tashi ya bar furar nan ko taɓa ta bai yi ba, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya sake jin sunan a bakinsa. Da za a ce Lukuman ya wulaƙanta daga baya, da labarin ya fi daɗin faɗa. Bai wulaƙanta ba. Ya yi ƙiba, ya yi gida mai soro, mutane suna zuwa ɗaukar karatu wurinsa.

Yunwa ta wuce, zaure ya sake cika, Malam ya ci gaba da karantarwa yana kuma shiga daji kamar da. Sai dai tafiyar ta sauya. Da don daɗi yake yi, yanzu nema yake. Abu biyu yake nema, Buba, da wani ruwan da zai biya shi da shi. Ya bi rugage daga Bungudu har bayan Tsafe, ya tsaya wurin masu tallar nono a kowace kasuwa yana tambaya. Wasu su ce ya yi kudu, wasu su ce ba su san shi ba, ko da yake daga yadda suke ɗauke kai ya san sun san shi, sun kuma san ko shi wane ne. Ruwan kam ya samu, a shekara ta takwas da fara nema, wani ɗan ido a cikin kogo yamma da Kekun Waje. Bai kai na farko ba, amma zai shayar da shanu ashirin. Bai gaya wa kowa ba, bai kuma rubuta ba, ya riƙe shi a ka yana jiran mai shi.

Sai da ya tsufa, ana ta zancen za a kawo hanyar jirgin ƙasa Gusau, saura shekara biyu ya rasu, sannan wata mai nono a kasuwar Tsafe ta ji tausayinsa. Ta ce masa Habiba matar Buba tana wata ruga kusa da 'Yandoto. Ya isa da la'asar yana dogara sanda. Ya same ta a gindin wata ƙirya tana wanke ƙore, ta tsufa ƙwarai. Ta gane shi tun daga nesa, ta amsa sallamarsa, ta ba shi wurin zama. Buba ya rasu daminar bara. Shekarunsa na ƙarshe kiwon shanun wasu yake yi ana ba shi abinci, ita ma nonon da take tatsa ba nata ba ne.

Malam ya yi addu'a mai tsawo, hawaye na bin gemunsa. Da ya shafa, ya ce mata ya samo wani ruwa, shekara huɗu ke nan yana ajiye da shi, ba wanda ya sani, yanzu nata ne da 'ya'yanta.

Habiba ta dube shi. "Shanun wa za su sha?"

Malam ya murza sandarsa, ya tambayi abin da ya kawo shi. "Kahin shi rasu, ya ambace ni? Ya yahe mani?"

"Ya ambace ka. Ya ce ya san za ka zo, ko ba shi da rai." Ta kife ƙwaryar da ke hannunta. "Ya ce in ka zo a ba ka ruwa ka sha, baƙo ne kai, ka sha tahiya. Amma kar a bari ka ga inda anka ɗebo shi."

Ta ɗauki wata ƙwarya ta miƙe. Malam Sahabi ya juya a hankali ya ba ta baya, ya fuskanci kututturen ƙiryar, yana nan a haka har ta je ta dawo.